Shekarar da Na Daka Gumbar Mahaifinku

Yanzu na zo kan shekarar da na bar gidan kakanku na Ƙofar Wambai. Na san abin da aka gaya muku. An ce uwarku ta gaji da jiran miji, ta kwashe kwanukanta ta tafi ta bar yara biyu. Ban taɓa musawa ba, domin masu faɗar manya ne, kuma ba a koya min ja-in-ja da manya ba. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma tafiyar ta matso. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, saboda haka ni ke faɗa jikata ke rubutawa, kuma na hana ta gyara min magana.

Gidan kakanku gidan dukawa ne. Alhaji, mahaifin mahaifinku, a zaure yake wuni da ƙannensa, ana yanka jar fata ana ɗinkin jaka da takalmi da kuben wuƙa. Ya je Makka a ƙafa tun yana saurayi, ta Barno da Sudan, ya yi shekaru a hanya, shi ya sa in gardama ta tashi a unguwa kan yadda duniya take, wurinsa ake kawo ta. Matarsa Iya mace ce mai sanyi, ba ta ɗaga murya ko a kan kaza. Mahaifinku kaɗai ne ɗansu namiji da ya rayu, shi ke raka fatu a jirgin ƙasa zuwa Ikko. A wata tafiya bai dawo ba, sai saƙon baki cewa ya sami aiki a jirgin ruwa, yana zuba kwal a wuta, zai yi shekara ya dawo. Lokacin kai Babangida ka fara zuwa makarantar allo, ke Rabi kina goye. Shekarar ta wuce, wata ta bi ta. Na yaye ki, kika yi ƙafa, kika yi baki, ba shi ba labarinsa.

Farkon wata damina, bayan la'asar, wani ya yi sallama a zaure. Ni da Iya muna tankaɗe kusa da ƙofa, komai muna ji.

"Baba Alhaji, ni ne Sule na Shahuci, ɗan gidan marina. Jirgi ɗaya muke da ɗanka."

"Madalla! Yana ina? Ko ya tsaya tasha da kaya?"

Na ajiye rariya na kasa kunne.

"Sai haƙuri, Baba. Allah ya yi masa cikawa a azumin bara. Ni na yi masa wanka da hannuna."

Iya ta zame ta zauna a ƙasa. Alhaji ya yi ta maimaita innalillahi. Ina so ku riƙe wannan: da farko ya yarda. Da Sule ya tsaya a nan, da washegari an shimfiɗa tabarmi an yi zaman makoki, da a gabana kuka girma. Amma uba ne, sai ya tambayi ciwon me, a wace ƙasa, shi kuwa Sule mutum ne da bai iya rage magana ba.

Ya ce daga ƙasar Turawa aka tura jirginsu can ƙurewar arewa ɗauko busasshen kifi, irin mai tauri kamar itace da mutanen kudu ke saye. Watan azumi ya kama su a kan ruwa. Suna ƙara arewa dare na ƙara gajarta, har ya zama kana shan ruwa kana shirin sahur. Da suka isa inda za su, sai daren ya ɓace gaba ɗaya. Rana ta sauko ta taɓa bakin teku, suna riƙe da moɗa suna jira ta nutse, sai ta sake ɗagawa. Wani Balarabe mai dafa abincin jirgin ya ce su bi agogo, su sha ruwa a lokacin da mutanen Makka ke sha. Sule ya bi. Mahaifinku ya ƙi, ya ce shi ba da agogo aka koya masa azumi ba. Haka ya ci gaba da ɗaukar damman kifi ba ci ba sha, yana ɗaga kai yana duban rana, har jiri ya ɗebe shi a kan tsani, ya faɗa cikin rumbun jirgi, kansa ya bugi ƙarfe.

Da Alhaji ya sake buɗe baki, ba muryar ɗazu ba ce.

"Ka ce rana ba ta faɗuwa."

"Ba ta faɗuwa, Baba."

"To ina take kwana?"

"Ba ta kwana. Zagaye take yi, kamar akuya a turke."

Ɗaya daga ƙannen Alhaji ya ce, "Kai Sule, tsakaninka da Allah, me kuke sha a jirgin nan?"

"Ruwa, Baba, sai shayi."

Alhaji ya ce, "Bar shi. Da ka sa shi a kabari, ina ka juya fuskarsa?"

"Kudu."

"Kudu!"

"Can alƙibla kudu take, Baba. Na tambayi Balaraben, na tambayi mai duba hanyar jirgi, bakinsu ɗaya."

"Ni da ƙafar nan na je Makka. Kowace safiya a goshina rana take fitowa har na ga Ka'aba. Yau ɗan marina zai zo ya mayar min da ita kudu? Tashi ka fitar min daga zaure."

Daga nan ya leƙo cikin gida ya ce kada ya ji kukan kowa. Ɗansa yana raye. Yaron nan ko dai abin Turawa ya taɓa masa kai, ko kuma faɗa suka yi ya gudo da ƙarya. Iya ta cusa bakin zanenta a baki. Na daɗe ina jin haushin Alhaji kan wannan, amma da na tsufa na gane inda ya tsaya. In ya yarda da Sule, to ɗansa tilo yana kwance ƙarƙashin duwatsu, kuma a saninsa ya ba gabas baya. Ya fi masa sauƙi Sule ya zama mahaukaci.

Sule ya bar ƙunshi a bakin zaure. Alhaji ya ce a jefar, Iya ta faki ido ta kawo ɗakina. Rigar mahaifinku ce, wadda na san ɗinkin wuyanta, da carbinsa, da kifi guda ɗaya mai tsawon hannu. Ni mai dafa abinci ce, kifin na fi juyawa. Na fasa shi da tabarya na lasa. Babu gishiri, babu hayaƙi, babu ramin tsutsa ko ɗaya. A nan in ka rataye ɗanyen kifi haka, kafin azahar ƙuda ya gama da shi. Sai na ce a raina, lalle akwai ƙasar da ba irin tamu ba. Kuma na lura da wani abu. Mai son ƙarya zazzaɓi zai ce, a yi masa godiya a ba shi ruwa. Wannan ya zaɓi maganar da ta sa aka kore shi.

Na nemi izinin ganin gida na tafi Zaitawa, na sa yayana Malam Inuwa ya kira min Sule. Suka zauna a soro, ni ina bayan asabari. Ban gaishe shi da tsawo ba.

"Malam Sule, faɗa min ƙasar. Kada ka rage, kada ka ƙara."

"Kin san fatar akuya in an shanya ta, yadda wuyan ke fita shi kaɗai? To haka take. Ta miƙe cikin teku, ruwa ta nan, ruwa ta can, ruwa a gaba. Wuri ɗaya ne ya riƙe ta da sauran ƙasa."

Ya ce babu bishiya, ko ta inuwar mutum ɗaya. Tsakiyar ƙasar tudu ne shimfiɗaɗɗe na tsakuwa da dutse, iska na kaɗawa ba abin da zai tare ta, ga farar ƙanƙara kwance a kwaruruka alhali su a wurinsu bazara ce. Ba wanda ya gina gida a tsakiyar. Garuruwan duka a bakin ruwa suke, kowanne ya laɓe a lungun da teku ya shigo cikin dutse, inda kwalekwale zai tsira daga iska. Babu ganuwa, babu ƙofar gari. Gidajen na katako ne, shi ma katakon a jirgi ake kawo shi, kuma yawancinsu sababbi, domin yaƙin Turawa ya ƙone garin suna kan sake gini. In mutum zai je garin gaba, ta ruwa zai bi. Bayan gidaje kuwa ragayar kifi ce jere, ta fi soro tsawo, warinta na tarbar jirgi tun daga nesa.

"Gero fa?"

"Babu. Ko dawa. Kifi da dankali."

"Ƙuda bai cin kifin?"

"Tun da sanyi suke ratayewa, kafin ƙuda ya farka. Iska ce ke busar da shi. Sun ce a lokacin ranar ma ba ta fitowa sam, wata da watanni. Wannan ban gani ba, faɗa aka yi min."

Na riƙe wannan ma. Ya raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Yaya Inuwa ya ce, "To me ya kai mutum zama a wannan azaba?"

"Kifi, Malam. Kamar yadda kasuwa ta tara mu a nan."

Sai ya ce akwai wasu mutane daban da masuntan, makiyaya ne, harshensu ma daban. Dabbarsu kamar barewa ce babba, ƙahonta rassa-rassa. Da sanyi suna can cikin ƙasa, in ƙanƙara ta fara narkewa su koro garke zuwa bakin teku, shekara ta zagayo su koma. Ya ce ya ga sun kama 'yan ƙanana suna tsaga musu kunne da wuƙa, kowane gida da irin tsagarsa, yaro ma da tasa. Mahaifiyata Bafillatana ce, ina yarinya na ga kawunnaina suna yi wa maruƙa haka a ruga. Sule a bakin karofi, wurin rini, ya tashi, bai san gaban saniya daga bayanta ba. Ba inda zai samo wannan in ba da idonsa ba.

Na tambaye shi kabarin. Ya ce mutanen garin sun yi kirki, sun ba da wuri a gefen maƙabartarsu, a kan tudu mai kallon ruwa. Suna haƙa kaɗan suka tarar da dutse da ƙasa mai sanyi da ta ƙi diga, sai suka kwantar da shi suka tara duwatsu a kansa. Shi da Balaraben suka yi masa salla, su biyu.

"Ya bar magana?"

"Bayan faɗuwar bai yi magana ba. Amma kafin nan na kai masa ruwa har bakinsa. Ya ture, ya ce, Sule, in na sha ruwa rana tana kallona, da wane ido zan kalli Baba?"

Wannan bai faɗa wa Alhaji ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba har ya koma ga Allah. Bayan ni da yaya Inuwa, ku ne na farko da kuka ji.

Da zai tashi ya ce, "In kina so zan koma in ce zazzaɓi ne, a Ikko muka binne shi yana kallon gabas. Saboda yaran zan iya."

Yaya Inuwa ya ce, "Wallahi da an huta."

Na ce a'a. Mutumin da ya mutu a kan ƙin shan ruwa kafin lokaci ba zan karɓi gaisuwarsa a kan ƙarya ba.

Na koma Wambai na zauna. Damina ta yi nisa. Gidan yana tafiya kamar ba abin da ya faru, Alhaji har ya sa an yi wa ɗakin mahaifinku yaɓe saboda dawowarsa. Ni kuwa in na sa lomar tuwo sai in tuna mutum yana can ƙarƙashin duwatsu, a ƙasar da ba a kiran salla, ba wanda ya yi masa sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in, ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa da babbar murya a garin da aka haife shi. Na roƙi Iya ta yi wa Alhaji magana. Ta ce, "'Yar nan, shekara nawa ina gidan nan, bakina bai taɓa hawa kan nasa ba. Ki yi masa addu'a a zuci." Na yi a zuci har zucin ya ƙi ɗauka.

Ran wata Juma'a da safe na jiƙa gero, na surfa, na wanke, na zuba a turmi. Iya ta fito ta ga abin da nake haɗawa, ta gane, domin a unguwarmu ba a dakan gumba haka kawai. Ta ce, "Ki rufa mana asiri." Ban ajiye tabarya ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta fito da zuma a ɗan kwano ta ajiye kusa da turmin ta koma. Na dunƙula gumbar, na miƙa ta katanga gida gida. Duk wadda ta ce sadakar wa, sai in ce ta maigidana.

Kafin hantsi ya ɗaga maza sun fara shigowa zaure. Ina jin su.

"Alhaji, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri."

"Wa ya mutu?"

Tun da aka kawo ni gidan, Alhaji bai taɓa tsayawa gabana ya yi min magana ba, sai ta bakin Iya. Ran nan ya shigo har gindin turmi. Na durƙusa.

"Ke 'yar Zaitawa, wa ya ba ki gawa?"

"Ba ni da gawa, Baba. Shi ya sa na yi sadaka."

"Kin kashe min ɗa da tabarya, kin raba shi gida gida. To ji nan. Ki fita ki gaya wa matan unguwa kuskure kika yi, mijinki yana raye, ki zauna ki riƙe 'ya'yanki. In kuwa kin tsaya a kan ya mutu, ba ki da miji a gidan nan, ba abin da ya zaunar da ke. Wanne ne?"

Ba fushi na gani a fuskarsa ba. Roƙona yake yi. Tsoho ne mai furfura yana jira in dawo masa da ɗansa da kalma ɗaya. Na san kalmar, na san kuma abin da ke rataye da ita. Rabi, kina riƙe da zanena a lokacin, hannunki duk gumba.

"Ya rasu, Baba. Allah ya jiƙansa."

"To tashi. 'Ya'yan ɗana kuwa suna nan har ubansu ya dawo."

Iya ta ɗauke ki ta shige ƙuryar ɗakinta da ke don kada ki ga fitata. Babangida ka fita wasa, ka dawo ka tarar da ɗaki a share.

A Zaitawa na yi takaba. Yaya Inuwa ya ce kwanakinta sun riga sun wuce tun da rasuwar ta shekara, na ce ni dai ban yi ba, na kwance kitso na zauna. An ce in kai ƙara in karɓi yarana. Shaida ɗaya gare ni, shi ma ya koma teku ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ban ga yadda zan tsayar da kakanku gaban alƙali ba. Ban sake aure ba. Alhaji ya hana a kawo ku, ya hana in taka gidan. Babangida, kai ka yi wayo lokacin, kuma abin da aka gaya maka ka riƙe, shi ya sa ko aike ya biyo da kai ta lungunmu ba ka ɗaga kai. Ban riƙe ka da wannan ba. Yau 'ya'yanku sun yi boko suna ce min ai gaskiya ne, akwai inda rana ba ta faɗuwa, akwai inda alƙibla take kudu. Na ji. Bai dawo min da ko kwana ɗaya ba.

Ban ce na yi kuskure ba, kada a rubuta haka. Mamaci yana da hakki, kuma ba wanda zai sauke shi in ba ni ba. Abin da ke cina shi ne kuɗinsa ku kuka biya, ba a tambaye ku ba.

Bayan wasu shekaru, ina zaune ina kaɗi da rana, wata yarinya ta yi sallama da tallan dakuwa. Tun kafin ta sauke faranti na gane goshin, na mahaifinku ne.

"Gwaggo, a sayi dakuwa. Iya ce ta ce in fara kawowa gidan nan."

"Daga ina?"

"Wambai, gidan Alhaji baduku. Sunana Rabi."

Na ce ki zauna ki sha ruwa. Kika zauna a bakin tabarmata kina ta surutu, kina gaya min wadda ta iya daka a gidanku da wadda ba ta iya ba. Na ga gammonki ya kwance, na karɓa na sake naɗa miki. Kitsonki ya tsufa, hannuna har ya kai kanki na janye.

"'Yar wa ce ke a gidan?"

"Jikarsa ce. Babana yana jirgin ruwa. Alhaji ya ce in ya dawo zai kawo min 'yan kunne. Gwaggo, jirgin ruwa yana daɗewa haka?"

Ni ce matar da ta tsaya gaban Alhaji ta faɗa, ta bar gida da 'ya'ya biyu a kan kada ta ce yana raye. Na dubi fuskarki kina jiran amsa. Na ɗora miki farantin a ka, na daidaita shi.

Na ce, "Yana daɗewa. Bi gefen hanya, akwai kekuna."